Tambayoyi da amsoshi kan yadda mutanen zamanin baya suka bi diddigin rana, da alaƙar hakan da ilimin falaki na yau

Wai mutanen da ba su da agogo, ba su da na'urar hangen nesa, da me suke auna rana?

Da sanda da inuwa, sai kuma haƙuri mai yawa. Ka samu fili a baje ka kafa sanda a tsaye cak, da safe za ka ga inuwarta doguwa ta miƙe yamma, tana ta raguwa har ta kai inda ba ta ƙara gajarta, daga nan kuma ta fara tsawo ta nufi gabas. Wannan lokacin da ta fi gajarta shi ne tsakar rana na ainihi a wurin da kake tsaye. In kana so ka san arewa da kudu, zana da'ira ka kewaye sandar, ka sa alama inda kan inuwar ya taɓa da'irar da safe, ka sa wata inda ya sake taɓa ta da yamma, layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma. Da irin wannan dabara aka saita birane da wuraren ibada a Indiya da Sin da wasu wurare.

Abu na biyu shi ne kallon inda rana ke ɓullowa. Mutane da yawa sun ɗauka kullum daga wuri guda take fitowa, a'a, in ka tsaya a wuri ɗaya kana duba wani dutse ko bishiya a nesa za ka ga tana matsawa arewa kaɗan-kaɗan har wajen 21 ga Yuni, sai ta yi kamar ta tsaya na 'yan kwanaki, sannan ta juyo kudu har wajen 21 ga Disamba. Dalili kuwa duniya a karkace take da kimanin digiri 23.4 tana zagaya rana. Mutanen zamanin baya ba su san wannan dalilin ba, amma tafiyar kam sun san ta sarai.

Me ya sa suka damu da rana har haka?

Ciki ne, sai mulki, sai ibada. Manomin da ya yi kuskuren lokacin shuka ya yi asarar shekara guda, sarkin da ke karɓar haraji kuma dole ya san yaushe shekara ta zagayo. Misirawa sun yi shekara mai kwana 365, wata 12 kowanne kwana 30, sai ƙarin kwana 5 a ƙarshe, suna kuma lura da ranar da tauraron Shi'ira ke fara bayyana da asuba gab da fitowar rana, don lokacin yana zuwa kusa da ambaliyar kogin Nilu. Matsalar ita ce shekarar rana ta fi kwana 365 da kusan rubu'in yini, saboda haka kalandarsu tana zamewa da kwana ɗaya duk shekara 4.

Julius Caesar ne ya gyara a shekara ta 45 kafin Miladiyya, da shawarar Sosigenes na Iskandariya, aka riƙa ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu. To shi ma gyaran ya zarce da kusan minti 11 a shekara, abin kamar wasa, amma da aka kai 1582 sai da Fafaroma Gregory na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Kalandar da ke cikin wayarka jikar waccan ta Masar ce.

Gine-ginen da ake cewa an saita su da rana, da gaske ne ko ƙarin gishiri ne?

Akwai na gaske, akwai na shaci-faɗi, kuma a intanet an cakuɗa su gaba ɗaya.

Wanda ba a jayayya a kansa shi ne Newgrange a ƙasar Ailan, wani kabari na duwatsu da aka gina wajen shekara ta 3200 kafin Miladiyya, wato ya girmi manyan dalar Masar. An bar wata 'yar taga a saman ƙofa, kuma a kwanakin da yini ya fi gajarta a Disamba, hasken rana da ta fito yana shiga ta tagar ya bi wani lungu mai tsawon mita 19 har ya haska ɗakin da ke can ciki na kimanin minti 17. Wannan ba dace ba ne, tagar ba ta da wani aiki sai wannan. Stonehenge a Ingila ma haka, layinsa na tsakiya yana kallon fitowar rana a Yuni da faɗuwarta a Disamba, sai dai maganar da wasu ke yi cewa wai kwamfuta ce ta lissafin kusufi, yawancin masana ba su yarda ba.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne Chankillo a Peru, mai kimanin shekara 2,300. Hasumiya 13 ne aka jera a kan doron tudu daga arewa zuwa kudu, in ka tsaya a wurin kallo da aka tanada za ka ga rana tana fitowa daga bayan wannan hasumiya yau, bayan 'yan kwanaki ta koma giɓin da ke gaba, haka har ta kai ta ƙarshe ta dawo. Wato ba rana ɗaya ko biyu a shekara yake nunawa ba, shekarar gaba ɗaya yake nunawa. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2021.

A Masar akwai Abu Simbel na Fir'auna Ramses na 2, inda hasken rana ke kutsawa can cikin dutse wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba ya haska gumakan da ke zaune a ƙurya, ya bar na Ptah cikin duhu. Lokacin da madatsar ruwan Aswan za ta shanye wurin, sai da aka yayyanka ginin aka ɗaga shi kan tudu tsakanin 1964 da 1968, aka kuma kula da kada saitin ya lalace. Yamma da wurin cikin hamada kuma akwai Nabta Playa, 'yar da'irar duwatsu da makiyaya suka kafa kimanin shekara 7,000 da suka wuce, ana danganta ta da ranar Yuni da zuwan damina, amma har yanzu ana muhawara a kai. Haka inuwar maciji da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar gani a dalar Chichen Itza ta Meziko cikin Maris da Satumba, ana ganinta makonni da dama, ba rana ɗaya tak ba, shi ya sa wasu masanan ke shakkar cewa da gangan aka yi ta don nuna ranar daidaituwar dare da yini. Abin lura dai, in ka ja layi daga kowane dutse zuwa wani dutsen dole wata rana ya dace da wani abu a sama, don haka sai an ga tagar da aka sassaƙa ko rubutu ko maimaituwar abin a wurare da yawa kafin a ce e.

Sun iya sanin kusufi kafin ya faru?

Husufin wata sun iya sosai, kusufin rana kuma sun iya cewa "a wannan watan yana iya faruwa", amma su faɗi garin da zai yi duhu, wannan sai daga baya. Mutanen Babila ne gwanaye a nan. Ɗaruruwan shekaru marubutansu suna rubuta abin da suka gani a sama kowane dare a kan allunan yumɓu, har da farashin sha'ir da tsayin ruwan kogin Furat, kuma daga tarin bayanan nan suka gano cewa kusufi yana maimaituwa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8. Yau ana kiran wannan zagaye saros.

Awa 8 ɗin nan ita ce inda gizo ke saƙar. Kafin ta cika duniya ta juya kashi ɗaya cikin uku, sai inuwar ta faɗa wata nahiya daban. Misali na kusa, kusufin 29 ga Maris 2006 ya ratsa Afirka ta Yamma da Libiya da Turkiyya, ɗan'uwansa na gaba a jeri ɗaya shi ne na 8 ga Afrilu 2024, shi kuwa Meziko da Amurka da Kanada ya bi. Wanda ke zaune a Babila ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a wancan ɓangaren duniya. Har yau masana suna jera kusufi da lambar saros, waɗannan biyun duk lamba 139 ne.

Girkawa sun ɗauki wannan lissafi suka zuba shi cikin wata na'ura ta tagulla mai haƙora, wadda aka tsamo daga jirgin ruwan da ya nutse kusa da tsibirin Antikythera a 1901. Mutanen Maya na Meziko da Amurka ta Tsakiya suna da jadawalinsu mai wata 405 a cikin littafin da ke ajiye a Dresden ta Jamus. A Indiya kuma Aryabhata ya rubuta a shekara ta 499 cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, wata kuma ke tare rana.

Da gaske an auna girman duniya da inuwa kawai?

Da gaske. Eratosthenes, mai kula da ɗakin karatun Iskandariya wajen shekara ta 240 kafin Miladiyya, ya san cewa a garin Syene, Aswan ta yanzu, rana tana tsayawa tsaka da kai a ranar da yini ya fi tsawo, sanda ba ta yin inuwa. A wannan ranar a Iskandariya kuwa inuwa tana nuna kusurwar kashi 1 cikin 50 na da'ira, kimanin digiri 7.2. Nisan garuruwan biyu an ƙiyasta shi zango 5,000 a ma'auninsu, ya ninka sau 50 ya samu 250,000. Ana saɓani kan tsawon zangon nasu, amma ko ta yaya aka lissafa bai yi nisa can da kilomita 40,000 da aka sani yau ba.

Aristarchus shi kuma ya gwada auna nisan rana, ya ce ta fi wata nisa sau 18 zuwa 20. Dabarar daidai ce, ma'aunin ne ya gaza, ainihin adadin kusan sau 400 ne. Duk da haka ya gane rana ta fi duniya girma, har ya ce duniya ce ke zagaya ta, ba a kula shi ba sai bayan kusan shekara 1,800.

Ina malaman ƙasashen Musulmi suka shigo?

Sun shigo da ƙarfi, kuma dalili a fili yake, lokutan salla da rana aka ɗaure su. Azahar tana shiga in rana ta yi zawali, La'asar in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, ko ninki biyu a wajen Hanafiyya, ga kuma neman alƙibla daga ƙasashe masu nisa. Wannan ya sa manyan masallatai suka riƙa ɗaukar muwaƙƙit, mutumin da aikinsa kenan lissafin lokaci.

Halifa Ma'amun ya sa an yi aune-aunen rana a Bagadaza da Dimashƙa wajen 828 zuwa 832, ya kuma tura mutane sahara su auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ya rasu a 929, ya fitar da tsawon shekara kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, bambancinsa da na yau minti 2 ne da 'yan daƙiƙoƙi, kuma ka tuna ba shi da gilashin hangen nesa ko ɗaya. Ibn Yunus a Alkahira ya rubuta kusufai da husufai tare da tsayin rana ko tauraro a lokacin, abin da ya sa bayanansa suka yi amfani daga baya ke nan. Umar Hayyam yana cikin waɗanda suka tsara kalandar rana ta Jalali a 1079. Ulugh Beg ya gina ma'aunin kusurwa a Samarkanda a shekarun 1420, faɗinsa daga tsakiya kusan mita 40, saboda sun gane in kana son daidaito ba tare da gilashi ba to sai dai ka girmama na'urar. Tunani ɗaya ne da na Guo Shoujing a Sin, wanda da dogon ma'aunin inuwa ya samu kwana 365.2425 wajen 1280, shekara 300 kafin kalandar Gregory ta zo da adadin, da kuma na sarki Jai Singh na 2 da ya gina agogon rana mai tsayin mita 27 a Jaipur.

Sai Ibn al-Shatir, muwaƙƙit na masallacin Umayyawa a Dimashƙa a ƙarni na 14. Tsarin lissafinsa na tafiyar wata ya yi daidai da wanda Copernicus ya yi amfani da shi a littafinsa na 1543, masana tarihi suna ta binciken ta wace hanya abin ya isa Turai. Al-Battani kam ba a buƙatar bincike, Copernicus da kansa ya ambace shi.

Wata dabararsu har gobe ana yin ta. Sau biyu a shekara, 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Duk wanda yake ganin rana a wannan lokacin, in ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla.

To ba bautar rana da duba ne suka haifar da duk wannan ba?

Wani ɓangare e. A allolin rana, Misirawa suna da Ra, Babila suna da Shamash, Inka na Peru suna da Inti, kuma marubutan Babila da Assuriya don su faɗa wa sarki abin da zai same shi suke kallon sama. In aka yi kusufin da suke ganin sharri ne gare shi, akan ɗora wani bawan Allah a gadon sarauta na ɗan lokaci don masifar ta faɗa kansa, sannan a kashe shi. A Atina kuma Anaxagoras da ya ce rana dutse ne mai wuta sai da aka gurfanar da shi. A ɗaya ɓangaren, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, shi kuwa ya gaya musu rana da wata ba sa yin kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Lissafin yau ya nuna an yi kusufi a yankin ranar 27 ga Janairu 632. Fassarar da masu duba suka yi ta tafi da su, lambobin da suka rubuta ne suka rage.

Waɗannan tsofaffin rubuce-rubucen suna yi wa masanan yau wani amfani, ko tarihi ne kawai?

Suna yi, kuma nan ne alaƙar ta fi ƙarfi. Wani allon Babila ya rubuta cikakken kusufin 15 ga Afrilu na shekara ta 136 kafin Miladiyya, har taurari suka bayyana da rana. In ka sa kwamfuta ta koma baya da lissafi, kana ɗauka duniya tana juyawa da saurinta na yau, inuwar ba za ta faɗa Babila ba, can yamma za ta faɗa wajen Sifaniya, tazarar sama da awa 3. Marubucin bai yi ƙarya ba, duniyar ce ta rage gudu. Richard Stephenson da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwan irin wannan daga Babila da Sin da ƙasashen Larabawa da Turai, suka samu cewa tsawon yini yana ƙaruwa da kimanin kashi 1.8 cikin dubu na daƙiƙa a kowace shekara 100, galibi saboda jan da wata ke yi wa ruwan teku. Babu agogon zamani da zai ba ka wannan, don agogon bai kai shekarun ba.

Masana tarihi su ma suna cin moriya. Kusufin da Assuriyawa suka rubuta, wanda lissafi ya kai shi 15 ga Yuni 763 kafin Miladiyya, shi ne turken da aka ɗaure shekarun sarakunansu. Sinawa kuma sun rubuta baƙin tabo a fuskar rana tun shekara ta 28 kafin Miladiyya, da ido suka gani lokacin da ƙura ko hazo ya dushe ta, kuma ana haɗa irin wannan da bayanan zoben itatuwa don a san yadda ƙarfin rana ya riƙa hawa da sauka kafin Galileo da Thomas Harriot su fara kallon tabon da na'ura wajen 1610.

Yaushe aka san abin da rana ta ƙunsa?

Kwanan nan ne in an kwatanta. A 1814 Fraunhofer ya raba hasken rana zuwa launuka ya ga ɗaruruwan baƙaƙen layuka a ciki, wajen 1859 Kirchhoff da Bunsen suka nuna kowane sinadari yana da nasa layukan. A lokacin kusufin 1868 da aka kalla daga Indiya aka ga wani layi ruwan ɗorawa da bai dace da komai ba, aka kira sinadarin hiliyam, sai a 1895 aka same shi a duniya. Cecilia Payne ce ta nuna a 1925 cewa yawancin rana haidurojin ce da hiliyam, Hans Bethe kuma ya fayyace a 1939 yadda haɗewar ƙwayoyin haidurojin ke samar da zafin. A cikinta zafi ya kai digiri miliyan 15, a fuskarta kimanin 5,500, nisanta kilomita miliyan 150, haskenta yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. Kusufi bai daina aiki ba ma, da na 29 ga Mayu 1919 aka gwada maganar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurari, daga tsibirin Principe da garin Sobral na Birazil.

Yanzu don me ake ci gaba da sa mata ido?

Saboda tana iya yin ɓarna. Tabonta yana ƙaruwa yana raguwa duk kimanin shekara 11, abin da Heinrich Schwabe ya gano a 1843 bayan shekara 17 yana leƙenta kusan kullum, irin haƙurin mutanen Babila sak. A 1859 wata fashewa da Richard Carrington ya gani a fuskar rana ta rikita wayoyin tangarahu, a Maris 1989 wata ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada na awa 9. Yau da taurarin ɗan'adam da GPS abin tsoron ya fi yawa. Shi ya sa aka harba kumbunan kallon rana, SOHO a 1995, da Aditya-L1 na Indiya a 2023, da kumbon Parker na NASA wanda ranar 24 ga Disamba 2024 ya matso rana har kimanin kilomita miliyan 6.1.

Ni fa, zan iya kallonta da kaina?

Kada ka kalle ta kai tsaye, ko da kusufi ake yi, kuma baƙin tabarau na kwalliya ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi ko tsohon fim ba sa kare ido, ƙunar ba ta da zafi shi ya sa mutum ba ya sanin ya yi wa kansa illa sai daga baya. Abin da za ka yi, huda ɗan rami da allura a jikin kwali, ka ba rana baya, ka bari hasken ya bi ta ramin ya sauka kan farar takarda, za ka ga surar rana, in kusufi ake yi za ka gan ta a gutsure. Ibn al-Haisam ya rubuta maƙala sukutum kan wannan shekara 1,000 da suka wuce. In akwai tabarau na musamman na kallon kusufi mai lambar ISO 12312-2, ya yi, amma a duba kada ya kasance ya huje ko ya karce. A lissafi, ranar 2 ga Agusta 2027 akwai cikakken kusufi da zai bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya, Yaman da Somaliya, kusa da Luksor duhun zai wuce minti 6, ƙasashe da yawa na kewaye kuma za su ga rabi-rabi.